Na'urar da ta haɗa bakin shaƙa na biyu da maɓallin hura riga: ta isa ta maye gurbin oktofus?

Wani ɗan'uwa da bai jima da karɓar shaidar nutso ba ya turo tambaya, ya ce ya gaji da hayar kaya yana son ya sayi nasa na kansa, sai mai sayarwa ya nuna masa wata na'ura da ta haɗa aiki biyu wuri ɗaya, wato maɓallin da ake hura rigar iska da shi da kuma bakin shaƙa na ko-ta-kwana, aka ce masa in ya saye ta ba ya buƙatar oktofus, wato bakin shaƙa na daban mai nasa tiyo da ake tanada wa abokin nutso, tiyo guda ya ragu a jikinsa kenan. Shi ne yake son ya sani, shin in iskar abokin nutsonsa ta ƙare a ƙasan ruwa wannan abu zai fishshe su su biyun, ko kuwa daɗin bakin ɗan kasuwa ne kawai.

To ɗan'uwa, mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. Na'urar tana aiki, na yi nutso da ita, na koyar da masu ita, na kuma kwance ta a kan tebur ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne ranar da ka ɗaura ta a rigarka ka canza tsarin raba iska gaba ɗaya, domin daga ranar bakin shaƙar da yake bakinka shi za ka miƙa wa abokinka, kai kuma ka koma kan wannan ƙaramar da ke rataye a kafaɗarka ta hagu. Duk sauran maganar daga nan ta taso, kuma mafi yawan waɗanda na gani da ita ba su taɓa zama sun yi wannan tunanin ba.

Bari in ɗan koma baya saboda masu karantawa da ba su riƙe sunayen kayan ba. Tulun da ke bayanka iska ce a matse, wajen bar 200 in an cika shi, bar shi ne ma'aunin matsi. A kan tulun akwai matakin farko na regileta, wato na'urar da ke daidaita iskar da kake shaƙa, shi ne yake sauko da matsin zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da kake ciki, daga nan iskar ta rarrabu cikin tiyoyi. Ɗaya ya zo bakinka, shi ne bakin shaƙa na farko. Ɗaya ya tafi oktofus, wancan mai ruwan ɗorawa da ake maƙalewa a ƙirji domin abokin tafiya. Ɗaya ya tafi maɓallin hura rigar iska, wadda aka fi sani da BCD, ita ce kake ƙara wa iska ko ka rage don ka tsaya cak a tsakiyar ruwa ba ka nutsewa ba ka tasowa. Na huɗu ya tafi geji, agogon da ke nuna maka iskar da ta rage, shi kam matsin tulu kai tsaye yake ɗauka. Tunanin masu ƙera na'urar da kake tambaya a kai shi ne, tunda tiyon hura riga da tiyon oktofus iska iri ɗaya suke ɗauke da ita a matsi ɗaya, me zai hana a haɗe su. Kamfanin Scubapro ne ya fito da tasa mai suna AIR2 a 1979, daga baya wasu suka biyo, akwai SS1 ta Atomic, akwai Airsource ta Aqua Lung, akwai Air XS ta Oceanic da sauransu. Wato ba sabon abu ba ne, ya haura shekara 40 a hannun mutane, da a ce tarko ne zalla da tuni an daina yin sa.

Amfaninta kuwa na gaske ne, ba zan rage mata ba. Tiyo ɗaya ya ragu, jakar tafiya ta ɗan yi sauƙi. Amma wanda ya fi burge ni shi ne kullum ka san inda take. Hannunka na hagu yana zuwa wurin nan sau da yawa a kowane nutso, ko ido a rufe za ka same ta. Oktofus fa? Wallahi abin da ido yake gani a ƙarƙashin ruwa sai dai a yi shiru. Na ga wanda nasa ya suɓuce daga maƙalinsa yana jan sa a ƙasa cikin yashi tun farkon nutso har ƙarshe, na ga wanda ya cusa shi cikin aljihun riga ya ja zif, na ga wanda ya ɗaure shi tam da igiya don kar ya dame shi. Irin wannan ranar da aka buƙace shi ko dai ba za a same shi ba, ko a same shi a ja numfashin farko a sha yashi. Ta wannan fuskar haɗaɗɗiyar na'urar ta fi oktofus ɗin malalaci nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da masu son ta suke yawan faɗa, kuma na yarda da su, cewa mutumin da iskarsa ta yanke ba ya zuwa da ladabi ya yi maka alamar yanka wuya ya jira ka lalubo masa mai ruwan ɗorawa. Sau da yawa abin da idonsa yake gani shi ne kumfan da ke fita daga bakinka, nan ya san akwai iska, nan zai kai hannu. In ka saba da ba da na bakinka, fizgewar ba za ta gigita ka ba, dama haka ka tsara. Kuma ka ba shi abin da ka tabbata yana aiki, domin yanzun nan ka ja numfashi da shi.

Sai mu zo inda gizo yake saƙar. Na farko tsawon tiyo. Tiyon bakin shaƙa na farko da yake zuwa da yawancin regileta gajere ne, wajen santimita 70 zuwa 75, an yi shi ne ya zagayo ta kafaɗar dama ya shiga bakinka kawai. Na oktofus shi ne mai ɗan tsawo, santimita 90 zuwa mita 1, saboda shi aka tanada don wani. To kai ka cire mai tsawon ka ajiye a gida, ka bar gajeren, kuma gajeren nan shi za ka miƙa. Ka kwatanta a ranka, mutum a firgice, idanu a waje, an haɗa ku fuska da fuska gilashinku na gogar juna, tiyo a miƙe tsam yana neman fizge robar daga bakinsa, ƙafafunku suna harɗewa, kai kuma kanka a karkace zuwa hagu saboda murɗaɗɗen tiyon riga, wanda na'urar take a ƙarshensa, shi ma gajere ne yana jan bakinka ƙasa. Ba ka iya juyawa ka duba sama ko akwai jirgi, da ƙyar kake ganin kwamfutar hannunka mai nuna zurfi. Wannan ba laifin na'urar ba ne, laifin wanda ya sayar da ita bai canza maka tiyo ba ne, kuma gyaransa ba wuya. Ka sa wa bakin shaƙarka na farko tiyo mai tsawon mita 1 aƙalla, ka biyo da shi ta ƙarƙashin hammatar dama ya hau zuwa baki, a sa masa ɗan gwiwar ƙarfe a bakin don kar ya riƙa jan muƙamuƙinka. Wasu suna zuwa har mita 1.5 su zagayo da shi ta bayan wuya. Ni dai duk wanda ya zo mini da wannan na'ura da tiyon santimita 70 ba na cewa kayansa sun cika.

Na biyu, kuma shi ne babba a wurina, sakin iska daga riga lokacin hawa. Ka tuna darasin farko, a mita 10 matsi bar 2 ne, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iskar da ka zuba a riga a mita 30 in ka taso da ita sama ba ka saki ba sai ta ninka girmanta sau 4, daga mita 10 zuwa sama kaɗai ninki biyu take yi, shi ya sa mitocin ƙarshe su ne suka fi kwasar mutane. Yadda aka koya maka sakin iska shi ne ka ɗaga murɗaɗɗen tiyon nan sama da kanka ka danna maɓalli. To yanzu abin da za ka ɗaga ɗin yana cikin bakinka kana shaƙa da shi. Ka ga matsalar? Abu ɗaya ake nema ya kasance wuri biyu a lokaci ɗaya, kuma a daidai lokacin da hannunka na dama yake riƙe da madaurin rigar abokinka.

Na ga wannan da idona a wani atisaye da muka yi a wajen mita 12, ruwa garau, babu igiyar ruwa, babu wanda iskarsa ta ƙare da gaske. Ɗalibin yana da natsuwa, ya miƙa na bakinsa da kyau, ya ɗauki ta kafaɗa ya sa a baki ya fesar da ruwan ciki, suka riƙe juna suka fara hawa, komai lafiya. Wajen mita 8 na ga ƙafafunsa sun daina kaɗawa amma suna ci gaba da tafiya sama, alamar riga ce take ɗauke da su. Ya gane, ya danna maɓallin saki abin yana bakinsa, ɗan kumfa kaɗan ya fita saboda iskar ta taru can sama a bayan wuyansa, mafitar kuma tana ƙasa da ita. Sai ya yi abin da jikinsa ya saba, ya zare ta daga baki ya ɗaga sama. Iska ta fita kam, amma yanzu shi ne ba shi da abin shaƙa, ya mayar da ita baki a gurguje ya manta bai fesar da ruwa ba ya ja, ya shaƙi ruwan gishiri ya hau tari. Ina gefensu na kama shi na ja igiyar bawul ɗin kafaɗarsa ta dama, muka tsaya a mita 5. Da muka fito yake ce mini shi bai ma san wannan ƙaramar igiya aikin da take yi kenan ba, wata uku yana sanye da rigar.

Maganin kenan, bawul ɗin kafaɗa. Yawancin riguna suna da bawul na saki a kafaɗar dama mai 'yar igiya da ƙulli, wasu kuma in ka ja murɗaɗɗen tiyon kansa zuwa ƙasa akwai waya a cikinsa da take buɗe bawul a kafaɗar hagu, sai dai jan tiyon da yake bakinka ba daɗi, yana iya fizge maka shi. Wasu samfuran an ƙera su yadda za ka saki iska kana shaƙa, amma ko su sai ka miƙe ka ɗan karkata kafaɗar hagu sama kafin su yi abin kirki. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka duba rigar da za ka ɗaura ta a kai, in ba ta da bawul a kafaɗar dama da hannunka yake kaiwa ba lalube, ka haƙura da na'urar ko ka canza riga. In tana da shi, ka mayar da shi abin sakin iskarka na yau da kullum har hannu ya haddace. Wasu suna sauya riƙo, hagu ya kama abokin dama ya ja igiya, wasu suna tsallakar da hagu ta kan ƙirji, duk wanda ya zauna maka daidai ne in dai ka maimaita shi har ya zama jiki. Kuma ko da wasa in abin shaƙa ya bar bakinka kana hawa kar ka riƙe numfashi, ka riƙa sakin ƙananan kumfa, domin huhu cike a rufe hawan mita ɗaya ko biyu a ruwa mara zurfi ya isa ya yi masa illa.

Na uku shi ne abin da mutane ba sa tunawa sai ya faru. Maɓallin hura riga yana iya maƙalewa a buɗe, gishiri ko yashi ko tsatsa ya riƙe shi, riga ta yi ta kumbura tana neman harba ka sama. Abin da aka koya wa kowa shi ne ka cire tiyon daga mahaɗinsa, ka saki iska, ka ci gaba da hura riga da baki in da buƙata har ku fita. Mai oktofus in ya yi haka abu ɗaya ya rasa. Kai in ka cire wannan tiyo ka cire bakin shaƙarka na biyu tare da shi, ba ka da abin komawa in ka ba da na bakinka, nutso ya ƙare nan take, ka sanar da abokinka ku hau. Haka in ɓangaren shaƙar ne ya fara zubar da iska ba tsayawa, maganinsa cire tiyo, ka rasa maɓallin hurawa. An ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, to nan an haɗa, in ɗaya ya samu matsala ɗayan ma ya tafi.

Sannan mahaɗin tiyon nata ba irin na kowa ba ne. Tiyon hura riga na gama-gari yana da ɗan bawul a ciki irin na tayar mota, iskar da yake bari ta wuce ta isa hura riga amma ba ta isa mutum mai haki ya shaƙa a zurfi ba, shi ya sa waɗannan na'urori suke zuwa da nasu tiyon mai faɗin baki, kuma na wannan kamfani ba lallai ya shiga na wancan ba. Ma'ana in ka yi tafiya tiyon ya fashe ko zoben robarsa ya mutu, wurin hayar kaya zai iya kasancewa ba su da irinsa, in rigarka ta samu matsala ka karɓi ta haya tiyonka ba zai shiga maɓallinta ba kuma ba ka da oktofus, in regiletarka ce ta lalace ka karɓi ta haya sai an kwance tiyonka an ɗaura a kanta. Wanda ya saye ta don ya rage kaya sai ka ga ya ƙare da sifiyar tiyo da sifana a jaka. Ni ma haka nake yi, ba abin kunya ba ne, amma a lissafa da shi.

Maganar daɗin shaƙa ba zan daɗe a kai ba. Jikinta ƙarami ne, tantanin robar da ke ciki ƙarami ne, kuma ana ɗan ɗaure ta da gangan don kar ta riƙa zuba duk lokacin da ka faɗa ruwa, kamar yadda ake yi wa oktofus. Na zamani suna shaƙuwa lafiya a zurfin masu nutson shaƙatawa, amma ba za ta kai babban bakin shaƙarka laushi ba, kuma ka tuna wa zai shaƙe ta, kai ne, mai ceto, wanda zuciyarsa take bugawa yana jan mutum biyu.

Wannan ya kawo ni kan lissafin iska, wanda ya fi zaɓen na'ura muhimmanci amma ba mai sayar da shi a kanti. Mutum a natse yana shan kamar lita 15 zuwa 20 a minti a saman ruwa, in ya tsorata lita 30 ba abin mamaki ba ne, yana ma iya wucewa. Mu ɗauka ku biyu kowa lita 30, lita 60 kenan a minti daga tulu ɗaya. A mita 30 ka ninka sau 4, lita 240 a minti. Tulun alminiyom da aka fi bayarwa haya wajen lita 11 ne, in gejinka yana kan bar 50 da ake cewa a fito da shi, lita 550 ke gare ku, minti biyu da 'yan daƙiƙu a wannan zurfi. Yanzu lissafa hawan gaba ɗaya. Minti ɗaya a ƙasa kuna daidaita kanku, lita 240. Hawa daga mita 30 zuwa mita 5 a kan mita 9 a minti, kusan minti 3, wajen lita 500. Tsayuwar kariya ta minti 3 da ake yi a mita 5 kafin a fito, lita 270. Mintin ƙarshe zuwa sama, wajen lita 75. Jimla ta doshi lita 1,100, a tulun lita 11 kusan bar 100 kenan, rabin tulu. Wato in kana mita 30 allura ta sauko bar 100, lokacin fara hawa ya yi, ko oktofus gare ka ko haɗaɗɗiya ko duka biyun. Na sha ganin mutane suna musu a kan wace na'ura ta fi alhali dukkansu suna zama a ƙasa har bar 60.

Akwai kuma iyakar da masu ƙa'ida suka sa. Ma'aunin Turai na regileta, EN 250, a bugun 2014 ya kawo alamar A, za ka ga an rubuta EN250A a jikin kayan da aka gwada mutum biyu suna shaƙa daga matakin farko ɗaya lokaci guda. A ƙa'idar nan ba a so a dogara da irin wannan rabon iska in zurfi ya wuce mita 30 ko sanyin ruwa ya yi ƙasa da digiri 10, a nan abin da ake so shi ne iska ta daban mai zaman kanta. Dalilin sanyin kuwa, iska in ta fito daga matsi tana yin sanyi sosai, mutum biyu suna ja da ƙarfi matakin farko yana iya yin ƙanƙara ya maƙale a buɗe, tulu ya tsiyaye kuna kallo. Wannan ya shafi oktofus ma, ba haɗaɗɗiyar kaɗai ba, amma a ruwan sanyi ita tana da ƙarin wahala, safar hannu mai kauri, maɓallai uku a cunkushe wuri ɗaya, ga kuma rigar da ruwa ba ya shiga wadda ita ma sai an saki iskarta ta hannun hagu.

Masu shiga kogo da cikin jiragen da suka nutse ba za ka gan su da ita ba, duk da cewa su ma na baki suke bayarwa. Tsarinsu, wanda ya yi ƙarfi a wurin masu nutson kogunan ƙarƙashin ƙasa na Florida a Amurka kuma ƙungiyar masu nutso ta GUE da aka kafa a 1998 ta yaɗa shi, shi ne tiyo mai mita 2.1 a bakin shaƙa na farko don a iya fita ɗaya bayan ɗaya ta matsattsen wuri, na biyu kuma cikakken bakin shaƙa ne a rataye da roba a ƙarƙashin haɓa. Ka lura, sun samu amfanin da ka ke nema, ba abin da yake ja a ƙasa, na biyun yana inda ka sani kullum, amma maɓallin riga yana nan daban hannun hagu yana aikinsa. In ka tambaye ni abin da nake sawa in nutson na gaske ne, wannan ne, da tiyon mita 1.5 in buɗaɗɗen ruwa ne.

Wani abu kuma, abokin tafiya. Makarantu ba bakinsu ɗaya ba, mutane da yawa an koya musu su nemi mai ruwan ɗorawa a tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari, a Birtaniya ma ƙungiyar masu nutso ta BSAC ta saba koyar da cewa wanda iskarsa ta ƙare shi zai ɗauki oktofus da kansa daga jikin abokinsa. Irin wannan in aka haɗa ku a jirgi ba ku san juna ba, ya zo ƙirjinka yana lalube bai ga komai ba, daƙiƙun nan da ya ɓata suna da tsada. Kafin ku faɗa ruwa ka nuna masa da hannu, ka ce in ka rasa iska wannan na bakina za ka ɗauka, ni ga nawa nan, ka sa ta a baki ka ja numfashi uku huɗu yana kallo. Wasu suna sa wa bakin shaƙarsu na farko murfi ko tiyo mai ruwan ɗorawa don ido ya kai can, dabara ce mai kyau.

Kulawa kuma ta fi ta maɓalli na gama-gari, domin regileta ce cikakkiya, sabis take so a lokacin da kamfaninta ya faɗa tare da sauran. Mutane suna kai regileta wurin makaniki su bar riga a gida da na'urar a jikinta shekara da shekaru. Kuma ruwan gishirin da yake taruwa cikin riga ta cikinta yake bi in ana zubar da shi. Wata da aka kawo mini, mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau tunda kullum yana hura riga da ita, na buɗe murfin na tarar da gishiri ya daskare fari fat a gindin libar da ke buɗe bawul ɗin shaƙa, ƙarfen ya yi kore, na danna da yatsa da ƙyar ta motsa. Maɓallin hurawa hanyarsa daban, bawul ɗin shaƙa hanyarsa daban, aikin ɗaya ba ya shaidar ɗayan. Ka wanke ta da ruwan daɗi bayan kowane nutso, in da hali tana haɗe da tulu a buɗe don kar ruwa ya shiga tiyo, ka ɗauraye cikin rigar ma, kuma a kowane nutso in kun tsaya a mita 5 ka sauya zuwa gare ta na minti ɗaya ka ji yadda take ja.

To in saya ko kar in saya? In nutsonka na ruwan ɗumi ne, buɗaɗɗe, a cikin mita 18 da shaidarka ta farko ta ba ka ko zuwa 30 in ka ƙara karatu, kana yawan tafiya da kayanka, kuma za ka canza tiyon bakinka zuwa mai tsawo, rigarka tana da bawul a kafaɗar dama, to saya, ba zan hana ka ba. In kana hangen ruwan sanyi, ko zurfi, ko kogo, ko kana son wata rana ka zama mai jagorantar ɗalibai, kar ka ɓata kuɗinka, za ka ajiye ta cikin shekara ɗaya. Kai da ka fito daga makaranta kwanan nan kuma da oktofus aka koya maka, ni da za ka ji tawa da ka fara da abin da hannunka ya sani, ka samo masa maƙali mai kyau da yake sakinsa da fizga ɗaya, ka yi nutso ashirin ko talatin tukuna har tsayuwarka a ruwa ta daidaita.

In kuma zuciyarka ta riga ta tafi kanta, ka roƙi mai sayarwa ko wani mai ita ya ara maka, ku shiga kwamin ninƙaya mai ɗan zurfi kai da wanda kuka fi nutso tare da mai koyarwa a gefe. Ku sa iska kaɗan a riga kamar yadda take kasancewa a ƙasa, ya yi maka alama, ka miƙa, ka sauya, ku riƙe juna, ku hau a hankali kana saki ta kafaɗa ba tare da ta bar bakinka ba, ku tsaya cak a tsakiyar ruwa rabin minti, sannan ku ƙarasa. A sama kar ka sake shi, tulunsa a lissafi babu komai ciki, maɓallinsa ba zai hura masa riga ba, sai ya hura da baki kana tallafe da shi, in ya kasa ya zubar da dalmar da ya ɗaura don ƙarin nauyi. Ku maimaita sau biyar, ku yi musanya shi ma ya gwada, a na ƙarshe ka ce ya zo ta bayanka ya fizge na bakinka ba sanarwa.